Georges Lemaitre: Malamin Da Ya Fara Auna Buɗewar Sararin Samaniya

A cikin masanan da suka sauya tunanin ɗan Adam game da sararin samaniya, da wuya a sami wanda aka daɗe ba a ba shi haƙƙinsa ba kamar Georges Lemaitre, mutumin ƙasar Beljiyam. An haife shi a garin Charleroi ran 17 ga watan Yuli, 1894. Ya shiga Jami'ar Louvain da niyyar zama injiniya, sai Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, ya ajiye littattafai ya shiga soja, ya yi aiki a rundunar igwa. Da aka ƙare yaƙi ya koma jami'a, amma wannan karon lissafi da ilmin fiziks ya sa gaba. A 1923 aka naɗa shi limamin Kirista na ɗarikar Katolika, a shekarar kuma ya tafi Kambrij ta Ingila ya yi karatu a hannun Arthur Eddington, daga nan ya ƙetare zuwa Amurka. A 1925 ya komo gida ya kama aikin koyarwa a Louvain.

A wancan zamani yawancin masana, har da Albert Einstein, sun ɗauka sararin samaniya a tsaye yake cik, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. To, amma wani Ba'amurke, Vesto Slipher, ya riga ya lura cewa hasken da ke zuwa daga yawancin garkunan taurari ya karkata zuwa ja, watau alamar suna nisantar mu. Edwin Hubble kuwa ya ƙiyasta nisan waɗansu daga cikinsu. Lemaitre ne ya haɗa waɗannan awo biyu da lissafin Einstein, ya nuna cewa sararin da kansa ne yake buɗewa. Misalin abin kamar igiyar roba ce da aka yi wa ƙulli-ƙulli: in aka ja ta, kowane ƙulli zai nisanci ɗan'uwansa, wanda ya fi nisa kuwa shi zai fi saurin tafiya.

A 1927 ya buga sakamakonsa. Da ya duba garkunan taurari 42, ya sami cewa saurin nisantarsu yana ƙaruwa da wajen kilomita 625 a daƙiƙa ga kowane megafasek, wato tazarar da haske ke ci cikin shekara miliyan 3.26. Sai dai da Faransanci ya rubuta, a wata mujallar Brussels wadda masana kaɗan ke karantawa. Einstein da suka haɗu a shekarar ya amince lissafin daidai yake, amma ya ƙi yarda da ma'anarsa, ya kuma sanar da shi cewa Alexander Friedmann na Rasha ya yi irin wannan lissafi tun 1922.

A 1929 Hubble ya fito da nasa awon, kimanin kilomita 500, duniya kuwa ta sa wa ƙa'idar sunansa. Da aka fassara takardar Lemaitre da Ingilishi a 1931, sai ga shi babu sashen da ya auna saurin, har aka daɗe ana zargin da gangan aka cire. A 2011 ne Mario Livio ya gano wasiƙar da ta nuna Lemaitre ne ya cire da hannunsa, don yana ganin awon Hubble ya fi nasa inganci.

A 1931 ya ƙara gaba, ya ce in sarari yana buɗewa, to lalle dā can a dunƙule yake wuri guda. A 1933 ya yi lacca kan wannan a Kalifoniya, Einstein yana cikin masu saurare, a 1934 kuma ya sami lambar Francqui ta ƙasarsa. Duk da kasancewarsa limami, bai ji daɗi ba sa'ad da Paparoma Pius na 12 ya kafa hujjar addini da wannan ra'ayi a 1951, domin a ganinsa awo da imani kowanne da hanyarsa. Bai bar aji ba har 1964, shi ne kuma ya kawo wa jami'arsa kwamfuta a 1958.

Adadin farko yana da aibi babba: in an bi shi, shekarun sararin samaniya ba su wuce biliyan 2 ba, alhali duwatsun ƙasa sun girmi haka. Walter Baade ya gyara ma'aunin nisa a 1952, Allan Sandage kuma ya sauko da adadin zuwa wajen 75 a 1958. Awon baya-bayan nan ya kasu biyu, wani ya ba da 67, wani 73, wannan saɓani kuwa yana cikin manyan matsalolin da ɗaliban fiziks suka gada.

Lemaitre ya rasu a Louvain ran 20 ga watan Yuni, 1966, jim kaɗan bayan ya sami labarin an gano ragowar ɗumin farkon sarari, wanda ya ƙarfafa ra'ayinsa. A 2018, shekara 52 bayan rasuwarsa, Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta jefa ƙuri'a ta ba da shawarar a riƙa kiran ƙa'idar da sunan Hubble da Lemaitre tare.