MALAM MUHAMMADU AL-KATSINAWI, GWANIN HISABI DA YA RASU A MASAR

A cikin shekarar 1741 wani malami baƙo ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan malaman Masar na wannan zamani. Baƙon nan Bafillace ne daga ƙasar Katsina, sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu. Larabawa suna kiransa al-Kishnawi, watau Bakatsine.

A Katsina ya fara karatu, lokacin da birnin yake matattarar malamai da fatake. Daga nan ya bi hanyar gabas neman ilmi, ya yi karatu wurin Malam Muhammadu Alwali na ƙasar Bagirmi da waɗansu malamai, har ya ƙware a nahawu da mandiƙi da ilmin taurari da hisabi. Wajen 1730 ya sauke farali a Makka, sa'an nan ya zarce Masar, bai sake komowa gida ba.

Abin da ya fi shahara da shi shi ne ilmin hatimi, wanda Larabawa ke ce wa aufaƙ. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san hatimi a jikin allo ko laya, amma ba kowa ya san lissafi ne zalla yake riƙe da shi ba. Ga misali. A zana murabba'i mai gida 9, a rubuta 4, 9, 2 a layin sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ko ta ina aka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Dalili kuwa, jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, in aka raba ta layi uku kowane ya sami 15. Haka mai gida 25, jimlarsa 325, kowane layi 65. Sanin jimlar mai sauƙi ne. Wahalar ita ce sanin gidan da kowace lamba za ta zauna in hatimin ya yi girma, don in aka kuskure gida ɗaya aikin duka ya rushe.

Nan Malam Muhammadu ya nuna gwaninta. A cikin 1732 ya rubuta littafi da Larabci inda ya bayyana hanyoyin cika hatimi mai layi 3, 5, 7 da sauran lambobin da ba su rabuwa biyu daidai, bisa ƙa'ida, yadda almajiri zai bi mataki mataki ba da lalube ba. Kwafin wannan littafi ya kai har London. Ya kuma rubuta Al-Durr al-Manzum a kan taurari da asirai.

Zamaninsa zamanin Newton ne, Baturen Ingila da ya rasu a 1727, wanda shi da Leibniz Bajamushe suka kafa lissafin kalkulas da ɗalibanmu ke fama da shi a Jami'ar Jos da ta Ibadan. Fanninsu dabam ne da nasa, amma tara jerin lambobi bisa ƙa'ida yana ƙarƙashin duka biyun. A Alƙahirar nan ma, kimanin shekara 700 kafin zuwan Malam, Ibnul Haisam ya zauna, wanda ya yi amfani da irin wannan tarawa ya auna cikin abu mai lanƙwasa.

Shi Hasan al-Jabarti kansa ya yi karatun hatimi wurin baƙon nasa. Da ajali ya matso, Malam Muhammadu ya bar masa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar Malam, ya zama babban marubucin tarihin Masar, ya kuwa sa sunan Bakatsinen nan cikin jerin malaman da ya rubuta labarinsu.

Mu da muke zaune a Agege da Sabon Ibadan mun san zaman baƙunci. In yaro ya dawo daga makaranta yana cewa lissafi ba namu ba ne, sai a ba shi labarin Malam Muhammadu, a zana masa gida 25 a ce ya cika. Allah ya ji ƙan Malam, amin.