Mamman Shata

Alhaji Dakta Mamman Shata Katsina (an haife shi a shekarar 1923, ya rasu ranar 18 ga watan Yuni, 1999) mawaƙin baka ne na Hausa, ɗan asalin garin Musawa da ke Jihar Katsina ta yanzu. Ya shafe sama da shekara hamsin yana waƙa da kiɗan kalangu, kuma ana saka shi a sahun gaba na mawaƙan Hausa na ƙarni na 20. Bai gaji kiɗa ba, bai kuma ɗaure kansa ga fadar sarki ɗaya ba, saɓanin yawancin manyan makaɗan zamaninsa. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa attajirai da direbobi da 'yan kasuwa da mata masu sana'a, ya kuma yi a kan noma da addini da siyasa da abubuwan da ke faruwa a duniya. Waƙoƙinsa sun bazu a arewacin Najeriya da Nijar da sauran zangon Hausawa na Afirka ta Yamma ta hanyar rediyo da faifai da kaset.

Farkon rayuwa

An haifi Muhammadu, wanda aka fi sani da Mamman, a Musawa, lokacin da garin yake ƙarƙashin En'e ta Katsina. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, kuma gidansu na Fulani ne. Kamar sauran yaran ƙauye na wancan lokaci, ya yi karatun allo ya kuma taya iyayensa aikin gona.

Da ya tasa sai ya shiga tallar goro. A nan ne, bisa labarin da ya fi yaɗuwa, ya samo laƙabinsa. Idan ya sayar da goro yakan rabar da kuɗin ga mutanen da ya haɗu da su a kasuwa ko a hanya, ya koma gida hannu rabbana, in an tambaye shi ya ce ya yi shata da su, wato ya watsar. Wani ɗan'uwansu mai suna Baba Salamu ya riƙa kiransa Mai Shata, sunan ya bi shi. Daga baya ya yi tallar alewa, yana haɗawa da 'yan waƙe-waƙe don jawo masu saye.

Waƙa ta fara masa ne a dandali, inda samari da 'yan mata ke taruwa da dare ana kiɗan asauwara. Wasa ne, ba a biyan kowa. Amma ba a daɗe ba ya yi wa tsararrakinsa fintinkau, har samarin ƙauyukan kewaye suka san da shi.

Mahaifinsa bai so wannan hanya ba. Dalilinsa sananne ne ga duk wanda ya san tsarin zaman Hausawa na lokacin: kiɗa da waƙa roƙo ne, roƙo kuwa sana'a ce ta gado mai gidajenta, kuma ana ɗaukar maroƙi a ƙasan manomi da ɗan kasuwa da malami. Ɗan gidan da ba su gaji roƙo ba, balle Bafulatani, in ya shige shi ana ganin ya zubar da girman gidansu. Shata ya ƙi bari. Wannan saɓani da gida ya bar alama a dukan rayuwarsa ta waƙa, domin ya yi ta nuna cewa shi ba maroƙin gado ba ne, waƙa baiwa ce Allah ya ba shi, kuma yakan nuna wa wanda yake yi wa waƙa cewa su biyun kowa na da bukatar ɗan'uwansa.

Bakori, Kano da Funtuwa

Daga Musawa ya koma Bakori, inda ya zauna a hannun Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin sayen auduga da gyaɗa a can. A Bakori ya yi aurensa na fari. Daga nan yake fita da makaɗansa zuwa bukukuwa a Katsina da Kano da garuruwan da ke tsakani.

Shekarar 1952 ce aka fi ambata a matsayin lokacin da tauraronsa ya haska. A shekarar aka yi Bikin 'Yan Sarki a Kano, a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero, inda aka aurar da 'ya'yan sarauta da yawa a lokaci guda. Makaɗa sun hallara daga ko'ina, kuma wasan da Shata ya yi a wurin ya sa manyan Kano da attajiranta suka san shi. Kano ita ce cibiyar cinikin gyaɗa da goro a lokacin, saboda haka wanda ya samu karɓuwa a wurin 'yan kasuwarta ya samu hanyar shiga duk inda fatake ke zuwa.

Daga bisani ya mai da Funtuwa mazauninsa, ya zauna a can kusan shekara arba'in. Garin ya dace da irin sana'arsa. Funtuwa mahaɗa ce: layin dogo daga Zariya zuwa Gusau da Ƙaurar Namoda ya ratsa ta, hanyar mota zuwa Sakkwato da Katsina ta bi ta nan, ga cinikin auduga da ya tara baƙi daga sassa daban-daban. Direbobin manyan motoci da dillalai da 'yan kwangila da ma'aikatan En'e, waɗanda kuɗi ya fara shiga hannunsu ba tare da sarauta ba, su ne sababbin iyayen gidan mawaƙa a wancan zamani, kuma Shata ya gane haka da wuri.

Matsayinsa a cikin makaɗan Hausa

Masana waƙar baka sukan kasa makaɗan Hausa gida-gida: makaɗan fada, makaɗan sana'a, makaɗan maza irin na dambe da tauri, da makaɗan jama'a. Ƙasar Sakkwato ce ta fi shahara da makaɗan fada. Salihu Jankiɗi shi ne Sarkin Taushin Sarkin Musulmi a birnin Sakkwato, Ibrahim Narambaɗa yana tare da Sarkin Gobir na Isa, Musa Ɗanƙwairo kuma ya tashi a gidan kiɗan kotso na Maradun kafin ya zama makaɗin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Irin waɗannan makaɗa sukan tsara waƙa a gida tare da 'yan amshinsu, a yi ta bita har ta zauna, sannan a kai ta gaban ubangida. Kayan kiɗansu ma, taushi da kotso, na sarauta ne.

Shata yana cikin makaɗan jama'a. Kalangun da ya riƙe asalinsa kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali, ba shi da alfarmar tambari ko taushi. Ganga ce mai siririn ciki da baki biyu, an ɗaure fatun da tsarkiya. Makaɗi yakan rataya ta a hammata, in ya matse tsarkiyar sauti ya hau, in ya saki ya sauka, ta haka kalangu ke kwaikwayon hawa da saukar muryar Bahaushe har mai saurare ya gane abin da yake faɗa. Shata ya ɗauki wannan kiɗa na kasuwa ya shiga da shi fadoji da gidajen gwamnati da zaurukan jami'a.

Duk da haka ya yi hulɗa ta ƙut da ƙut da sarakuna. Ya yi wa Sarkin Katsina Usman Nagogo waƙa, da Sarkin Kano Ado Bayero, da Sardauna Ahmadu Bello. Wanda ya fi kusanci da shi shi ne Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966, kuma waƙoƙin da ya yi masa suna cikin waɗanda aka fi saurare har yau.

Salon waƙa

An san Shata da ƙirƙirar waƙa nan take. Abin da yake tsayayye a waƙarsa shi ne amshi, wanda yawanci gajere ne, layi ɗaya ko biyu da yaransa ke maimaitawa. A tsakanin amshi da amshi shi ne yake zuba ɗiyan waƙa yadda wuri ya ba shi: wanda ya shigo fili yanzu, kyautar da aka miƙa, garuruwan da ya ratsa kafin ya iso, tsohon alherin da wani ya taɓa yi masa. Saboda haka waƙa ɗaya takan fito da siga daban-daban, wadda aka ɗauka a gidan rediyo ta bambanta da wadda aka ɗauka a wurin biki. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙidaya waƙoƙinsa ya yi wuya. Shi kansa ya sha faɗa cewa bai san adadinsu ba.

Harshensa Katsinanci ne mai sauƙi, ba ya cika nutso cikin tsofaffin kalmomin fada irin na Narambaɗa. Ƙarfinsa yana wurin murya mai kauri da ke fita tar a kan kiɗa, da iya ajiye magana daidai inda kalangu ya buɗe mata, da barkwanci. Yana da yawan ambaton sunayen garuruwa da tashoshi da mutane, har wasu waƙoƙin suka zama kamar taswirar hanyoyin fatauci na tsakiyar ƙarni na 20.

Bakandamiya ita ce waƙar da ya yi wa kansa, kamar yadda manyan makaɗa da dama suke da tasu. A ciki yake wasa kansa, yana bayyana fifikonsa a kan sauran mawaƙa da irin wuraren da waƙa ta kai shi, kuma ya yi ta ƙara mata ɗiya tsawon shekaru. Daga cikin waƙoƙin yabo da suka yi fice akwai ta Ummaru Ɗanɗanduna na Gwandu da ta Sarkin Bori Sule. Bayan da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a watan Yuli na 1969, ya yi waƙar Kumbo Apollo 11, wadda ta kai labarin ga mutanen karkara da ba su karanta jarida. A lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin haɗin kan ƙasa da na ƙarfafa wa sojoji gwiwa, ya kuma yi na kiran 'yan Arewa su tashi su nemi ilimi da sana'a.

Zambo ma makaminsa ne, kuma ana tsoronsa. Gagarabadau ita ce waƙar zambonsa da ta fi shahara. A al'ummar da mutunci ya fi dukiya tsada, mawaƙin da rediyo ke ɗaukar muryarsa zuwa kowane ƙauye yana iya ɗaga mutum, yana kuma iya kunyata shi har jikokinsa, kuma wasu kyaututtukan da ake ba mawaƙa na neman tsari ne. Ya yi saɓani da wasu mawaƙan zamaninsa, cikinsu har da Ali Makaho da Amadu Doka da Musa Ɗanba'u.

Waƙar da ta fi jawo masa suka ita ce A Sha Ruwa, wadda jama'a suka fahimta a matsayin waƙar mashaya giya. Malamai da dama sun yi tir da ita. Mutumin da ya yi ta kuma shi ne ya yi waƙar yabon Annabi Muhammadu (SAW) da ake sakawa a gidajen rediyo, ya kuma sauke farali. Shata ya yi wasa a otal-otal da gidajen rawa kamar yadda ya yi a ƙofar fada, kuma waƙoƙinsa sun ɗauko rayuwar wuraren biyu ba tare da ya ɓoye ɗaya ba.

Rediyo, faifai da tafiye-tafiye

Tashen Shata ya zo daidai da yaɗuwar rediyo a Arewa. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ana kama shi har Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi, kuma waƙoƙinsa na cikin abin da aka fi sakawa. Kamfanin EMI ya buga wasu a faifan garmaho, daga baya kaset ya zo ya sauƙaƙa kwafi, waƙoƙin suka shiga tashoshin mota da shagunan tela da rumfunan mai shayi. Kwafin barkatai ya yaɗa sunansa, amma ribar cinikin ba ta isa hannunsa yadda ya kamata ba. Abin da ya dogara da shi shi ne kyautar iyayen gida da ta wurin wasa: kuɗi, riguna, dawaki da motoci.

Ya zagaya ƙasashen Afirka ta Yamma inda Hausawa ke zaune, ya kuma je Ingila da Amurka.

Siyasa

Ko da yake yawancin iyayen gidansa sarakuna ne da attajirai, ra'ayin Shata na siyasa ya fi karkata ga ɓangaren talakawa. A shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, wadda Musawa ke ƙarƙashinta a lokacin. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga jam'iyyar GNPP, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku ya zama shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, amma aka tsige shi bayan saɓani da manyan jam'iyyar a Jihar Katsina, wadda Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ke da ƙarfi a cikinta.

Karramawa da nazari

Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, daga nan aka riƙa kiransa Dakta. Ga mutumin da mahaifinsa ya so hana shi waƙa don gudun a kira shi maroƙi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya taimaka wajen sauya yadda 'yan boko ke kallon makaɗan baka gaba ɗaya.

Tun kafin nan masana sun fara nazarinsa. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975, inda ya duba matsayin mawaƙin baka a al'ummar Hausa da Fulani. Sa'idu Muhammad Gusau ya kawo tarihinsa a cikin ayyukansa kan makaɗa da mawaƙan Hausa. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah. Ana nazarin waƙoƙinsa a sassan Hausa na jami'o'i, ciki har da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato.

Rashin lafiya da rasuwa

A ƙarshen shekarun 1990 rashin lafiya ya rage masa fita wasa. An yi jinyarsa a Kano, an kuma kai shi Jidda ta ƙasar Saudiyya, ya ɗan samu sauƙi ya dawo. Ya rasu ranar Juma'a, 18 ga watan Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, makonni uku bayan komawar Najeriya mulkin farar hula. Ya bar mata da 'ya'ya da jikoki. An kai gawarsa Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka yi masa sallah aka binne shi a can.