Alhassan Ɗantata da Auna Amana a Cinikin Gyaɗa

A kamfanonin inshora akwai wani ma'aikaci da ba a cika jin ɗuriyarsa ba, watau mai duba haɗari. Kafin kamfani ya yarda ya ɗauki lamunin sito ko kanti, sai an tura shi ya ga wurin da idonsa, ya dubi rufi da katanga, ya lura da kusancin wuta, sa'an nan ya bincika halin mai dukiyar, domin a san ko za a karɓe shi da kuma abin da za a yanka masa. Kamfanin Royal Exchange Assurance ya buɗe reshe a Ikko a 1921, amma harkarsa ta tsaya ga kayan Turawa da jiragen ruwa, ba ta kai ga manomin Bichi ko na Minjibir ba. Duk da haka an yi irin wannan aiki a ƙauyukan Kano shekara da shekaru ba tare da an kira shi da wannan suna ba, kuma babu wanda ya ƙware a kansa kamar Alhaji Alhassan Ɗantata.

An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda su da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, ya kuwa rasu tun Alhassan yana ƙarami. Mahaifiyarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara ta zauna, ta bar shi a hannun wata baiwa mai suna Tata, daga gare ta ne ya sami laƙabin da ya bi shi har kabari. Da Basasa ta ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, Agalawa da yawa suka goyi bayan Tukur, aka kuwa ci su da yaƙi. Alhassan yana cikin waɗanda aka kama, sai da aka fanshe shi. Tun bai cika shekara 20 ba ya ga yadda dukiya take salwanta a dare ɗaya.

Goro shi ne makarantarsa ta farko. Kaya ne mai rai, in an bar shi ya bushe ya lalace, in sankara ta shiga huhu ta cinye shi, don haka falke yakan kwance huhun a hanya, ya tsince ɓatacce, ya yayyafa ruwa, ya sāke ganye. Ayari kansa dabara ce ta raba haɗari, domin mahara ba su cika tunkarar taron da yake da madugu da jagaba ba. Wajejen 1906 Alhassan ya fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko, abin da ya rage tafiyar watanni ta koma ta kwanaki.

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun sa ran auduga ce za ta cika taragu, har ƙungiyar masu auduga ta Ingila ta yi shiri a kan haka, amma manoman Kano suka ba su kunya, suka zaɓi gyaɗa. Dalilansu a fili suke. Ƙasar da ta kewaye birni cike take da jama'a, gona na jingine da gona, ba a barin fili ya huta, takin birni ne da jakai suke kaiwa yake riƙe da ita. Arewa da birni kuwa, wajen Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta, jigawa ta fi yawa, ita ce kuma gyaɗa take so. Ana shuka ta tare da gero a gona guda, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma kasuwa ta faɗi ana iya cinta, abin da ba za a yi da auduga ba.

Matsalar kamfanonin Turawa ita ce ba su san kowa a ƙauye ba. Suna da kuɗi da sikeli, amma ba su da hanyar sanin wanda za a damƙa wa jakar kuɗi ya dawo da gyaɗa. A nan ne tsofaffin fataken goro suka shigo, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo da Adamu Jakada. Kamfanin Neja, wanda daga baya ya narke cikin UAC a 1929, ya nemi Ɗantata a 1918 ya zama wakilinsa, bayan ya koma unguwar Koki da zama. Cikin 'yan shekaru ya shige gaban dukkan sa'o'insa.

Tsarin cinikin ya ginu ne a kan bashi daga sama har ƙasa. Kamfani ya ba Ɗantata kuɗi, shi ya raba wa yaransa, su kuma su bazu cikin kasuwannin ƙauye da tsabar kuɗi da gishiri da yadi, wani lokaci tun gyaɗa tana ƙasa. Babu jingina, takarda ma ba kullum ba. Abin da yake madadinsu shi ne sanin mutum: ɗan wane ne, a wace unguwa yake, wa ya kawo shi, yaya ya yi da ɗan abin da aka fara ba shi. Akan fara gwada yaro da ƙaramin jari, in ya cika alkawari a ƙara masa, kuma dangantaka ta jini da ta aure da ta makwabtaka ita ce take sa guduwa da kuɗin maigida ta yi wuya. Wakilin da ke ƙauye shi ma haka yake auna manomi, ya san girman gandunsa da yawan hannayen da ke cikinsa, ya san ko damina ta yi masa kyau, ya san ko an taɓa samun yashi ko tsakuwa a buhunsa. Wannan shi ne ainihin aikin mai duba haɗari, bambancin kawai shi ne wancan yana cika takarda, wannan kuwa yana ajiye komai a ka.

Sai dai ya kamata a lura da wanda tsarin ya fi karewa. Attajirin da ya baza kuɗinsa a gundumomi da yawa, in fari ya kashe gonakin wani yanki, na wani yankin sai su rufe masa asara, wanda shi ne tushen inshora ko'ina a duniya. Manomi ba shi da wannan gata, gonarsa a wuri guda take. Yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914 ta zo ne daidai lokacin da gyaɗa ta fara kasuwa, ta kuma fi tsanani a arewacin ƙasar. Bayanta aka yi wata a 1927, sa'an nan farashi ya rushe a farkon shekarun 1930, alhali haraji na nan sai an biya da tsabar kuɗi. Wanda rumbunsa ya ƙare da damina sai ya ci falle, ya biya dami biyu a kan ɗaya da kaka. Ba Ɗantata ne ya ƙirƙiro wannan hali ba, amma arzikinsa da na kamfanonin da yake yi wa aiki a kansa ya tsaya.

An san shi da tsimi da sauƙin kai duk da yawan abin hannunsa. Ya yi aikin hajji ta jirgin ruwa a farkon shekarun 1920, ya kuma biya ta Ingila. An ruwaito cewa a 1929 ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ajiya a bankin Turawa na Kano, a zamanin da attajirai suka fi yarda da binne tukunya a ɗaka.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sāke fasalin cinikin. Gwamnati ta karɓi yanke farashi, aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, ta Jihar Arewa kuma a 1954, sai haɗarin faɗuwar kasuwa ya ragu ga mai saye. Wani haɗarin ya maye gurbinsa, domin taragu sun yi ƙaranci, gyaɗa ta taru a Kano, aka shiga jera buhuna dala-dala ana lulluɓe su da tamfol saboda ruwan sama da ƙwari. Sunan Ɗantata ya haɗu da waɗannan daloli a bakin jama'a.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. 'Ya'yansa, musamman Sanusi da Aminu, suka ci gaba da harkar da sunan gidan. Gyaɗar kanta ba ta daɗe bayansa ba, farin farkon shekarun 1970 ya raunana ta, cutar da ta auka mata a 1975 ta ƙarasa, daloli suka ɓace daga Kano. Gwamnatin Tarayya ba ta kafa shirin inshorar aikin gona ba sai a 1987, shekara 32 bayan rasuwarsa.