Ibnul Baiɗar: Malamin Da Ya Bi Tsirrai Har Matsirarsu

An haifi Abdullahi ɗan Ahmad, wanda aka fi sani da Ibnul Baiɗar, a birnin Malaga na Andalus a ƙarshen ƙarni na 12 Miladiyya. Ya yi karatu a Ishbiliya wurin Abul Abbas Annabati, masanin hadisi kuma masanin tsirrai. Ɗalibin ya gaji halin malaminsa: yadda ake bin diddigin mai ruwaya, haka ya riƙa bin diddigin ganye.

Wajen shekarar 1220 ya bar gida, ya ratsa Bijaya da Tunis da Ɗarabulus da Barƙa, har ƙasar Turkiyya ta yau. Aiki ne mai cin rai. Wani tsiron sai a tsagin dutse yake fitowa, furensa kuma na 'yan kwanaki ne, wanda ya makara sai baɗi. Ga shi kowace al'umma da sunan da take kiransa, har suna ɗaya ya hau kan tsirrai biyu, wannan magani, wancan guba. Shi ya sa ya riƙa rubuta sunayen da Larabci da Girkanci da harshen Barbar.

Sarki Alkamil na daular Ayyubawa ya naɗa shi shugaban masana tsirrai a Masar, amma muƙami bai zaunar da shi ba. Ɗalibinsa Ibnu Abi Usaibi'a ya ba da labarin yadda suke fita bayan garin Dimashƙa suna duba tsirrai a inda suka tsiro. Littafinsa Aljami'u ya tattara magunguna da abinci kimanin 1,400, yana jingina kowace magana ga mai ita, yana ware abin da ya gani da idonsa. Ya rasu a Dimashƙa a shekarar 646 Hijiriyya, daidai da 1248, Allah Ya jiƙansa.

Mu kuwa a Kakuri da Makera muna sayen garin magani a ƙulle a leda, ba mu tambayi itacen da aka sassaƙo ba, balle yawan da za a sha, mu ɗura wa 'ya'yanmu. Lafiya amana ce. Kafin mu sha, mu tambayi sunan tsiron da ma'auninsa, mu kuma sanar da likita. Ɗalibanmu masu karatun haɗa magunguna su san cewa wannan fage gadonsu ne. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.