Ibrahim Ɗantunku da Sulhun da Ya Tabbatar da Kazaure

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu waiwayi rayuwar Ibrahim Ɗantunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure.

Shi dai Ɗantunku Bafillace ne daga Yarimawa, ya kuwa yi zamansa ne a arewacin ƙasar Kano, wajen Dambatta. Bayan da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi cikin 1804, sai sarakunan Kano da Katsina da Daura suka nemi gama ƙarfinsu wuri guda. Ɗantunku ya hana rundunoninsu haɗuwa. Saboda wannan aiki Shehu ya ba shi tuta, daga baya kuma ya taimaka wajen kafa mulkin jama'ar Shehu a Daura.

To, wannan tuta ita ce mafarin rigima. Mai tuta yana kai caffa ga Shehu ne kai tsaye, ga shi kuwa ƙasar da Ɗantunku ke riƙe da ita tana jikin Kano. Zamanin Sarkin Kano Sulaimanu ba a ta da zancen ba. Da ya rasu cikin 1819, Ibrahim Dabo ya gaje shi, ya nemi Ɗantunku ya bi shi, shi kuwa ya ƙi. Sai Dabo ya danƙa wa Sarkin Bai na Dambazawa arewacin Kano duka, har da inda Ɗantunku ke iko.

Nan yaƙi ya ɓarke, aka yi wajen shekara biyar ana gwabzawa. Mayaƙan Ɗantunku suka kai hari har gindin ganuwar Kano. Kanawa su ma suka kutsa cikin duwatsun Kazaure, suka ci sansaninsa, ya dawo ya yi musu ba-zata ya kore su. Abin baƙin ciki, dukansu Musulmi ne, mabiyan Shehu guda, talakawa kuwa su ke kwana a ciki.

Da kowa ya ga ba mai iya gamawa da wani, sai suka yarda su kai maganar gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bello ya duba, ya tabbatar wa Ɗantunku 'yancinsa daga Kano. Aka ajiye makamai, Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta. Ɗantunku ya rasu cikin 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi, ya yi mulki har 1857.

Ya 'yan'uwa, abin da takobi ya kasa cikin shekara biyar, hukuncin shugaba ya gama shi. Wannan shi ne aiki da aya ta 9 cikin Suratul Hujurat, inda Allah Ya umurci a sulhunta ƙungiyoyi biyu na muminai in sun yi faɗa, a kuma yi shi da adalci. Ɗantunku ya miƙa wuya tun bai san inda hukunci zai faɗa ba, Dabo kuwa ya karɓa ko da yake bai zo masa da daɗi ba. Mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa sun gaji wannan sulhu.

Saura mu da ke rigimar gona, ko gado, ko limancin masallaci: wa muka yarda ya raba mu? Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya haɗa kanmu, amin.