Bernard Fagg, Baturen Da Ya Tono Maƙeran Dauri A Ƙasar Abuja

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun da ya ji an ambaci Abuja, abin da yake faɗo masa a rai shi ne manyan benaye da ofisoshin Gwamnatin Tarayya. Kaɗan ne suka san cewa a wannan ƙasa, kusa da ƙauyen Takushara, akwai wani wuri da ake kira Taruga inda aka tono murahun narka tama waɗanda suka haura shekara 2,000. Wanda ya tono su wani Bature ne mai suna Bernard Fagg, ga kuma tarihinsa.

An haife shi a Landan ran 8 ga Disamba, 1915. Ya yi karatu a jami'ar Kambirij, ya zo Nijeriya cikin 1939 a matsayin ƙaramin jami'in mulki. Lokacin yaƙin Hitila aka tura shi Gabashin Afirka, can ya auri matarsa Catherine, sa'an nan ya komo Jos. Wansa William Fagg shi ma masanin kayan tarihin Afirka ne a babban gidan tarihi na Landan.

A zamanin nan ƙasar Jos ta cika maƙil da leburorin kuza. Japan ta ƙwace Malaya cikin 1942, Ingila ta rasa inda za ta sami kuza, sai Turawa suka kafa aikin tilas, aka riƙa kwaso mutane daga lardunan Arewa. Waɗannan leburori, suna cikin wankin ƙasa, sukan ci karo da gatarin aradu da gutsattsarin gumakan yumɓu. Wasu su fasa, wasu su jefar, don ba kuza ba ne, ba kuma mai biyan ko anini a kansu.

Cikin 1943 wani ma'aikacin haƙar kuza a ƙasar Jama'a ya tsinci kan mutum na gasasshen yumɓu. Ya kai gonarsa ta doya ya kafa shi mutum-mutumi, har shekara guda yana tsaron gona. Baturen kamfani ya gani, ya kai shi Jos, ya faɗa hannun Fagg. Da Fagg ya duba, sai ya tuna da wani ɗan kai mai kama da na biri da aka tono tun 1928 a ƙauyen Nok, ƙasar Jaba, wanda aka ajiye a Jos ba wanda ya kula da shi. Ƙirar iri ɗaya ce, alhali tsakanin wuraren biyu akwai tafiya. Daga nan ya shiga bin ramukan kuza ɗaya bayan ɗaya yana roƙon leburori da shugabanninsu su daina fasa abin da suka tsinta. Ba a daɗe ba gumaka suka taru, ya raɗa wa masu su suna mutanen Nok, domin ba a san abin da suke kiran kansu ba.

Wanda ya ga kan Nok sau ɗaya ba ya mantawa. Idanu masu kusurwa uku, an huda ƙwayar ido da hanci da kunne, sau da yawa har baki. Cikinsa holoƙo ne, an gina shi kamar yadda mata suke gina tukunya, hudojin nan kuma su ne suke ba iska da tururi hanya kada wuta ta fasa shi. Ga kitso iri-iri, ga duwatsun wuya da na hannu, har akwai gumakan masu ciwo da aka fito da cutarsu sarai.

Saura shekarunsu. Fagg ya dubi zurfin ƙasar da suke fitowa da yadda ruwa ya jibge ta, ya ƙiyasta sun kai shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa. Masana da yawa suka yi masa kallon mai zuƙi-ta-malle. Sai ga shi wani masani a Amurka, Willard Libby, ya fito da wata dabara cikin 1949. Kowane abu mai rai, itace ko dabba, yana ɗauke da wani irin sinadarin kabon. Ran da ya mutu sinadarin ya fara raguwa, rabinsa yana ƙarewa cikin shekara 5,730. In aka auna abin da ya saura a guntun gawayi, sai a san lokacin da aka sare itacen. Aka auna itatuwan da aka samo a ramukan Nok, wani ya ba da wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa, wani shekara 200 bayanta. Ƙiyasin Fagg ya faɗa tsakiya. Amma da sauran magana, domin kayan ramin kuza ruwa ne ya kwaso su ya cakuɗa, ba a iya rantsuwa cewa itacen da gunkin sa'o'in juna ne.

Taruga ce ta raba gardama. Cikin 1960 labari ya iske Fagg cewa an ga gumaka a can, kudu maso gabas da tsohon garin Abuja wanda yanzu ake kira Suleja. Nan kam ruwa bai taɓa kome ba, kaya suna kwance inda masu su suka bar su. Ya yi ta komawa cikin shekarun 1960, har ya zo da na'ura mai sansano ƙonanniyar ƙasa da ƙarfe daga sama. Aka tono murahu goma sha uku, da kashin maƙera, da bututun yumɓu na shigar da iska, da gawayi, ga kuma gumakan Nok tare da su. Gawayin ya nuna ana narka tama a wurin ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa. Abin mamaki a nan, a Turai da ƙasashen Gabas sai da aka daɗe ana aiki da tagulla kafin a kai ga baƙin ƙarfe, amma a wannan yanki daga dutse sai ƙarfe. Har yau masana suna ja-in-ja, wasu sun ce sana'ar ta ƙetaro Sahara ne, wasu sun ce nan aka ƙago ta.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne. Cikin 1963 wani shehin malamin tarihi na Okusfod, Hugh Trevor-Roper, ya fito fili ya nuna cewa baƙar fata ba su da wani tarihi sai na Turawan da suka shigo ƙasarsu. A wannan shekara ce Fagg ya koma Okusfod ɗin ya zama shugaban gidan tarihi na Pitt Rivers, da shaidar da ta ƙaryata wannan magana a hannunsa.

Kafin ya tafi ya bar aiki a ƙasa. Shi ya kafa gidan tarihi na Jos da aka buɗe cikin 1952, ya kuma gaji Kenneth Murray a shugabancin ma'aikatar kayan tarihi cikin 1957. Cikin 1955 ya je Birnin Kudu duba zanen shanu na jikin duwatsu, ya tarar da duwatsu masu amo kamar ƙararrawa in an buga su, ya rubuta labarinsu duniya ta ji. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a Ingila, ya bar aiki cikin 1975, ya fitar da littafinsa a kan gumakan Nok cikin 1977. Ya mutu ran 14 ga Agusta, 1987. 'Yarsa Angela ita ma ta yi tono a Samun Dukiya, kusa da Nok.

Bai ga ɓarnar da ta biyo baya ba. Cikin shekarun 1990 masu haƙar sata suka far wa ƙasar Nok, suka yi ta fitar da gumaka zuwa Turai, har wasu suka bayyana a gidan tarihi na Louvre a Faris cikin 2000, aka yi ta kai ruwa rana kafin Faransa ta yarda na Nijeriya ne. Gunkin da ɓarawo ya tumɓuke ya rabu ke nan da gawayin da zai faɗi shekarunsa. Hotunan irin waɗannan ne suke yawo a Facebook da WhatsApp, kowa yana liƙa musu shekarun da ya ga dama.

Masanan jami'ar Furankfot ta Jamus, waɗanda suka fara aiki a yankin cikin 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, sun mai da farkon mutanen Nok baya zuwa wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa. Sun tarar gero da wake suke nomawa. Cikin 2021 aka fitar da sakamakon awon maiƙon da ya shige jikin katangar tukwanensu, aka sami alamar kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka riƙe maiƙo. Mazauna Ikko da suke son ganin ƙirar Nok da idonsu, an daɗe ana ajiye wasu kawunan a gidan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe cikin 1957.