Marigayi Sembene Ousmane, Ɗan Dakon Da Ya Zama Marubuci

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, da yawa daga cikinku za su tuna da wani littafi mai suna God's Bits of Wood da ke laburaren makaranta. Ni dai ina aji biyar na are shi, don kawai in burge abokai, amma ban fahimce shi ba sai bayan da na kama aikin gwamnati, albashi ya yi mini nawa wata biyu, na ga yadda uwargida ke auna shinkafa da gwangwanin madara. Tarihin mai littafin nan nake so in ɗan gutsura muku.

An haifi Sembene Ousmane a watan Janairu na 1923 a garin Ziguinchor, kudancin ƙasar Senegal. Mahaifinsa masunci ne. Karatunsa bai yi nisa ba, domin tun yana ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu aka kore shi daga makaranta saboda rigima da hedimasta. Mu da muka fito da takardun shaida sai mu yi shiru a nan. Ya koma Dakar ya yi birkila da makanikanci, a 1944 kuma Faransawa suka ɗauke shi soja. Bayan yaƙi ya ɓuya cikin jirgin ruwa ya tsallaka Faransa, ya yi shekaru yana dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille. Can ya shiga ƙungiyar ƙwadago, can kuma ya samu mummunan rauni a gadon baya. Jinyar nan ce ta ba shi damar duƙufa ga karatu.

Littafin da na ambata ya fito da Faransanci a 1960, wato shekarar da Senegal ta samu mulkin kai. Labarin yajin aikin ma'aikatan reluwe ne na layin Dakar zuwa Bamako, wanda aka fara ran 10 ga Oktoba, 1947, aka janye ran 19 ga Maris, 1948. Baƙaƙen ma'aikata sun nemi a yi musu abin da ake yi wa Turawa wajen albashi da fansho da kuɗin iyali. Sun samu biyan wasu buƙatu, amma Sembene bai tsaya kan murna ba, lissafin waɗanda suka ɗanɗana kuɗa ya yi. An datse ruwan famfo, masu kanti sun hana bashi. Tsohon maigadi Sounkare yunwa ta kayar da shi, ɓeraye suka cinye gawarsa. Houdia M'Baye, mai takaba da 'ya'ya rututu, da ruwan motar kashe gobara aka halaka ta. Penda, wadda gari ke zunɗe da karuwanci, ita ta ja mata a ƙasa tun daga Thies, aka harbe ta a bakin Dakar. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Ramatoulaye, dattijuwa mai kamun kai, wadda ta danne ragon ɗan'uwanta Alhaji Mabigue ta yanka, saboda ya cinye 'yar shinkafar da ta rage wa yara. Sunan littafin ma daga al'adar mutanen Wolof ya fito, ta ƙin ƙidaya mutane kai tsaye don gudun baki, sai a ƙidaya su da sunan guntayen itace.

Da ya ga talakawan da yake rubutu dominsu ba su iya karatun Faransanci ba, sai ya tafi Masko ya koyi shirya fim. A 1968 ya fitar da Mandabi da harshen Wolof. A 1988 ya yi Camp de Thiaroye, kan sojojin Afirka da Faransawa suka bindige ran 1 ga Disamba, 1944, don sun nemi haƙƙinsu bayan dawowa daga yaƙi. Shugabannin bayan mulkin kai ma ba su tsira ba, a Xala ya yi musu tonon silili.

Ya rasu a Dakar ran 9 ga Yuni, 2007, yana da shekara 84, aka binne shi a maƙabartar Yoff. Allah ya jiƙansa, amin.